Dandamali na Goma Sha Biyu

A bakin tafkin Madarumfa, ta gefen da itatuwan gawo suka yi layi, akwai zangon baƙi wanda mutanen gari ke kira kampama. Baƙin da ke sauka a cikinsa irin waɗanda ke tafe da ɗakinsu ne a bayan mota, da gado da murhu da randar ruwa duk a ciki. Abin da suke nema a wurin gari shi ne fili mai ƙarfi inda mota za ta tsaya ba ta nutse ba, ba ta kuma karkace ba. Saboda haka aka yi musu dandamali goma sha biyu na siminti, kowanne tsawon mota da rabi, a jere suna fuskantar ruwa. Wanda ya zuba su shi ne Al'amin Sarkin Magina, a shekarar da ta biyo bayan babban fari, kuma duk wanda ya taɓa zama da shi na sa'a guda ya ji labarin daga bakinsa.

Sarautar magina a gidansu take tun kakansa. Ubansa, Sarkin Magina Nomau, shi ya gina mafi yawan sorayen da ke tsaye daga nan har Gabi, kuma Al'amin ba ya ɗora tubali a kan tubali sai ya ambaci wanda ya fara ɗorawa haka. In aka tambaye shi dalilin wani abu a gini, amsarsa guda ce: haka Nomau ya yi, haka kuma uban Nomau ya yi.

Zuwa ranin shekarar 1995, shekara ashirin da ɗaya bayan aikin, goma sha ɗaya daga cikin dandamalin sun lalace. Wani ya tsage gida huɗu, wani ya ɗaga baki kamar murfin tukunyar da ke tafasa, wani kuma ciyawa ta fito ta tsakiyarsa har awaki suna kiwo a kai. Na goma sha biyu kaɗai, na can ƙarshe, yake nan sumul kamar jiya aka shafe shi. Sarkin Magina ya daɗe da ba mutane bayani a kan wannan. Ya ce motocin zamani sun fi na da nauyi, su suka karya simintin, amma tushen aikin lafiya lau yake, kuma na goma sha biyu shi ne shaida. Mutane suka karɓa, domin babu wanda ya fi shi sanin gini a ƙasar.

Akwai abin da bai taɓa faɗi ba. Lokacin aikin, injiniyan da aka turo daga Maraɗi ya bar masa takarda mai cewa a haƙa ƙasa taƙi biyu, a cika ramin da tsakuwa, sannan a zuba siminti. Al'amin ya duba takardar ya ninke ta. A ganinsa tsakuwa abu ne da ba ya kama juna, kuma bai taɓa jin Nomau ya ɗora gini a kan abin da ba ya kama juna ba. Sai ya kira matan gari, aka kwaso laka daga bakin tafki, aka yi daɓe irin na gidan sarauta, aka shayar da shi makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, har ya yi duhu yana walƙiya, ya zuba siminti a kai. Haka ya yi sau goma sha ɗaya. Ranar na goma sha biyu ce injiniyan ya zo duba aiki ba sanarwa, ya kawo kujera ya zauna a inuwa. Al'amin ya sallami matan, ya haƙa, ya cika da tsakuwa yadda takarda ta ce, ya zuba siminti ransa a ɓace. Mutanen biyu da suka taya shi haƙar ranar 'yan ci-rani ne, sun daɗe da komawa ƙasarsu. Sauran tulin tsakuwar da aka kawo don aikin kuwa ya sa aka watsa a gangaren hanyar kasuwa inda jakuna ke zamewa, aka yi ta sa masa albarka.

Wata safiyar Talata, Mushe Kalebu ya yi sallama a zauren Sarkin Magina. Kalebu mutumin Maraɗi ne, ɗan gidan masu bin mishan, ya yi shekaru yana koyarwa a lakwal, makarantar boko, inda ya samo laƙabin Mushe, wato malam, kafin ƙungiyar gari ta ɗora shi a kan kula da zangon. Ya cire takalmi, ya durƙusa, aka gaisa gaisuwa mai tsawo har aka tambayi lafiyar Abigail matarsa da ta iyayensa.

"Baba Sarki, na zo da magana wadda ba ta da daɗin ɗauka," in ji Kalebu. "Makon jiya bakin siminti ya yanke wa wasu baƙi taya. Kafin su, wata tsohuwar Nasara ta yi tuntuɓe a na huɗu, Allah ya tsare, gwiwa kaɗai ta guje. Ƙungiya ta zauna. An ce a fasa goma sha ɗayan nan, a zuba tsakuwa a madadinsu."

"Tsakuwa," in ji Al'amin.

"Tsakuwa, ranka ya daɗe. In ta lotsa a ƙara kwando biyu a daidaita, shi ke nan. An kuma ce babu wanda zai ɗaga guduma a kan aikinka sai da izininka, kuma kai ake so ka shugabanci aikin."

Al'amin ya gyara bakin rawaninsa. Sa'an nan ya ce tun da aka kafa garin bai ji an kira magini ya watsa duwatsu a ƙasa ba, wannan aikin masu gyaran hanya ne. Kalebu bai yi gardama ba. Ya ce haka ne, amma kuma tun da aka kafa garin ba a taɓa fasa aikin gidan Nomau da hannun bare ba, kuma ba shi ne zai fara ba. Maganar ta shiga tsohon, domin irin maganarsa ce. Ya ce a ba shi zuwa jibi ya tara mutanensa.

"Abu guda, Baba," in ji Kalebu yana sa takalmi. "Amalanken da za su ɗauko tsakuwa aron manoma ne. Da zarar hadari ya fara haɗuwa kowa zai janye shanunsa. Kwana goma sha biyar muke da su, in mun yi sa'a."

Da la'asar Al'amin ya shiga cikin gida. Ɗelu, matarsa da suka yi shekara arba'in da huɗu da aure, tana zaune a gindin rumbu tana ɓarar gyaɗar iri. Ita ce ta jagoranci matan da suka yi daɓen a wancan lokaci. Ya faɗa mata abin da ake ciki. Ba ta ɗago ba.

"Duka sha biyun za a fasa?"

"Sha ɗaya. Na ƙarshen lafiyarsa lau."

"Wanda aka kore mu ranar yinsa ke nan," in ji ta. "Mun zo da madaɓai, mun zo da makuba tulu uku, ka ce mu koma gida, wai kai ke maka ciwo. Da na leƙo ta bayan danga na ga mai ciwon kai da diga a hannu."

Al'amin ya tsaya. Shekara ashirin da ɗaya suna kwana ɗaki guda, bai san ta gani ba.

"Ba ki taɓa faɗi ba."

"Ba a tambaye ni ba, Malam. Kuma ni ba magina ba ce, mai daɓe ce. Daɓen da muka yi babu aibu a cikinsa, wannan kam ko gaban alƙali zan faɗa. Na ɗakin nan ma mu muka yi shi, ga shi nan har yau. Sai dai shi yana da rufi a kansa."

Ya ɗauki buta ya fita, ko da yake da alwalarsa.

Ranar Alhamis aka fara. Sule, wanda ya koyi gini a hannun Al'amin kuma yanzu furfura ta fara fito masa a gemu, shi ne gaba da mutum takwas. Sarkin Magina ya karɓi guduma ya yi bismillah, ya bugi dandamali na farko sau ɗaya don a san da izininsa ake yi, ya miƙa wa Sule, ya koma ya zauna a kan tabarma a inuwar gawo. Simintin bai yi wuyar fashewa ba. Ana sa diga a tsaga sai ya tashi ɓawo-ɓawo, a kwashe a kwanon sarki a tara a gefe. Cikin kwana huɗu aka gama da goma sha ɗayan.

Abin da ya bayyana a ƙasa ya tara mutane. Daɓen yana nan, ja mai duhu, ko da yake ya daddare nan da can. Da Sule ya share ƙurar siminti da tsintsiya ya goga da tafin hannu, sai ya ɗauki ido. Masunta masu dawowa daga tafki suka ajiye komarsu suka tsaya kallo. Masu lambu suka hauro. Tsofaffin matan da suka yi aikin suka zo a ayari, a gabansu Dije, 'yar kawun Al'amin kuma abokiyar wasansa, wadda bakinta bai taɓa raga masa ba tun suna yara.

"To, ga aikin mata ya fito fili," in ji Dije da ƙarfi. "Na maza ne ya ruɓe aka kwashe a kwano. Kai mai rawani, tashi ka gaishe mu."

"Ke dai Dije ko kabari aka haƙa sai kin ce ke kika auna shi," in ji Al'amin, aka yi dariya.

Ta tsuguna ta nuna wani wuri da yatsa, ta ce a nan madaɓinta ya karye, ga alamar. Wata ta fara rera waƙar da suka yi daɓen da ita, sauran suka amsa, har Sule ya ajiye tsintsiya yana tafi. Mutane suka riƙa zuwa gaban tabarmar Sarkin Magina suna durƙusawa. Wani ya ce yanzu an ga gaskiyar abin da ya daɗe yana faɗi, tushe lafiya lau, nauyin mota ne. Wani ya ce irin wannan hannu ya ƙare daga kansa. Al'amin ya amsa kowace gaisuwa yadda ta kamata, kuma daɗin ya shige shi, ba zai ce bai shige shi ba.

Da yamma Sule ya zo da shawara a gaban Kalebu.

"Mushe, Allah ya rage mana aiki. Da na ɗauka sai mun haƙa. Amma ga tushe nan kamar dutse. Mu cike tsagogin da laka, mu zuba tsakuwa a kai, mu ja mata baki, kwana uku mun gama. Wa zai sa diga a kan wannan? Ai zunubi ne."

Kalebu ya dubi daɓen, ya dubi sama ta gabas inda gajimare ya fara taruwa da rana.

"Tsagogin nan fa?"

"Nauyin mota ne da bugun guduma," in ji Sule. "In kana shakka dubi na sha biyu. Daɓe ɗaya ne a ƙarƙashinsu, hannu ɗaya, shekara ɗaya. Ya motsa? Baba, ko ba haka ba?"

Duka suka juyo gare shi. Al'amin ya ce magariba ta gabato, a bari sai da safe.

Ya san abin da zai faru in aka bi shawarar Sule, sani irin na wanda ya yi shekara ashirin da ɗaya yana zuwa wurin a ɓoye bayan kowane ruwan sama. Lakar bakin tafki tana shan ruwa ta kumbura, in rani ya yi ta tsuke ta dare. Ita ta riƙa ɗaga simintin tana saukewa har ya karye. Daɓe kuwa ba ya barin ruwa ya wuce. In aka zuba tsakuwa a kansa, ruwan Agusta zai kwanta a tsakani, daɓen ya jiƙe ya koma lakar da aka yi shi da ita, motar farko da ta hau ta tura tsakuwar ciki ta nutse har gindi. Wannan karon kuma babu nauyin mota da zai fake da shi, domin shi aka ba aikin. Amma in ya ce a haƙe, haƙar za ta ci kwana takwas daga cikin kwanakin amalanke, kuma Kalebu ba zai kai wa ƙungiya wannan magana ba sai da dalili. Dalilin kuwa yana ƙarƙashin na goma sha biyu.

Bayan sallar magariba Ɗelu ta ajiye masa tuwo. Ya wanke hannu, bai fara ci ba.

"An ce yau ka sha gaisuwa," in ji ta.

"An yi."

"Dije ta ce har waƙa aka yi. Ta ce gobe za a zuba duwatsu a kan daɓenmu a rufe, kowa ya huta."

"Haka Sule ya kawo shawara."

Ta zauna a bakin tabarma, abin da ba ta cika yi ba in yana cin abinci.

"Malam, akwai labarin da kake ba baƙi, na soron Alhajin nan na Gabi. Kullum sai ka ce Baba Nomau ya gina shi cikin wata biyu, azara ɗari da ashirin, har yau yana tsaye. Ni kuwa surukata ta ba ni labarin tun ina amarya, kuma nata ya fi naka tsawo."

Ya san sauran labarin. Yana da shekara goma sha biyar lokacin, shi ke miƙa ƙasa. Soron da ke tsaye a Gabi na biyu ne. Na farko sun kai shi har rufi, mai gida ya yanka rago, aka yi ta yabo. Da safe Nomau ya zagaya bayan ginin, ya ga tsaga mai kaurin zare a kusurwar yamma, wadda babu wanda ya gani sai shi. Ya kira mai gidan da maƙwabta, ya nuna musu, ya ce ya kafa kusurwar a kan tsohuwar rijiya da aka cike, kuma an gaya masa tun farko bai saurara ba. Ya hau da kansa ya fara sauke azara. Al'amin ya tuna yadda kunya ta hana shi shiga kasuwar Gabi wata guda. Da ya girma sai ya riƙa ba da labarin daga ginin na biyu.

"Tuwon zai huce," in ji Ɗelu, ta tashi.

Kashegari da hantsi amalanke shida na farko suka iso, shanu suna huci, tsakuwa ja tana zuba ta gefe. Mutane sun fi na jiya yawa, don labarin daɓen ya kai unguwanni. Sule ya riga ya sa an kwaɓa laka ta cike tsaga. Sarkin Magina ya iso cikin babbar riga fara da rawani, shigar da yake yi ranar da za a kafa tushen masallaci. Bai zauna a tabarma ba. Ya ce kada a sauke kaya tukuna, a kawo masa diga da bokitin ruwa biyu.

Ya tuɓe babbar rigar ya miƙa wa Kalebu, ya wuce goma sha ɗayan, ya tsaya a kusurwar na goma sha biyu.

"Baba, wannan ba ya cikin lissafi," in ji Sule. "Wannan ai shi ne..."

Al'amin ya ɗaga diga ya sauke. Shekararsa saba'in da biyu, simintin kuma mai kyau ne, sai a bugu na tara kusurwar ta ɓalle. Ya sa hannu ya janye ɓallin. Ya tsuguna ya kwaso abin da ke ƙasa cike da tafi biyu, ya miƙe ya buɗe hannuwan a gaban jama'a.

"Sule, mene ne wannan?"

Sule ya daɗe yana kallo. "Tsakuwa ce, Baba."

"Zuba ruwan nan a ramin."

Sule ya zuba bokiti guda. Ruwan ya shige, kafin a ƙirga goma babu ko ɗigo. Al'amin ya ɗauki ɗaya bokitin da kansa, ya taka zuwa na goma sha ɗaya, ya juye a kan daɓen. Ruwan ya kwanta. Aka tsaya ana kallonsa, bai tafi ko'ina ba. Bayan ɗan lokaci tsohon ya sa dunduniya ya murza, fuskar daɓen ta saɓule, jar laka ta fito ta tsakanin yatsunsa.

Sa'an nan ya yi magana, a tsaye, da muryar da yake yanke hukunci tsakanin magina. Ya ce takardar injiniya ta ce tsakuwa taƙi biyu a ƙarƙashin duka goma sha biyun. Ya ce shi ne ya ƙi, ya sa aka yi daɓe, domin daɓe ya gada. Ya ce daɓen Nomau daɓen ɗaki ne, yana da bango yana da rufi, kuma Nomau bai taɓa yin daɓe a fili a bakin ruwa ba, shi ne ya ɗauki aikin ubansa ya kai inda uban bai kai shi ba. Ya ce na goma sha biyu ya tsaya ne saboda ranar an zauna an sa masa ido. Ya ce motoci ba su da laifi, matan da suka yi daɓe ba su da laifi, kuma abin da ya riƙa faɗi shekara ashirin da ɗaya ba haka yake ba.

Wasu dattawa suka sunkuyar da kai. Wani daga cikin masunta ya ja tsaki a hankali ya ɗauki komarsa ya tafi. Sule ya tsaya da bokiti a hannu, fuskarsa kamar shi aka kama.

Dije ce ta fara magana.

"Amma dai kai tsohon banza ne," in ji ta. "Kwana goma sha ɗaya muna durƙushe a rana, gwiwata har yau ba ta koma daidai ba, ashe duwatsu na can a tule suna jiranka. Jakunan kasuwa ka ba su! To wallahi sai ka biya mu da goro, ƙwarya guda, kuma fari."

"Za a kawo," in ji Al'amin.

"Kuma ciwon kan nan naka na ranar, ya warke?"

Dariya ta ɓarke daga wajen mata, ta bazu, ko da yake ba kowa ya yi ba. Kalebu ya matso ya riƙe masa rigar ya sa. Ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Baba Sarki, shekara shida nake ajiye manyan motoci irin kamiyo a kan na sha biyun nan, don shi kaɗai ne a daidaice. Na sha yin mamaki, amma ban ga wurin tambaya ba. Yanzu me za a yi?"

"A haƙe daɓen duka, taƙi biyu. Simintin da muka fasa kada a zubar, a farfasa shi kamar dunƙulen hannu a shimfiɗa a ƙasan ramin. Tsakuwa mai gari-gari a bisansa, a yayyafa ruwa a daddale, sannan tsakuwa tsantsa a sama. Tsakiya ta fi gefe tudu da yatsa uku. A ja ƙaramar kwata daga kowanne zuwa gangaren tafki."

"Kwana nawa?"

"Takwas in mutum tara ne. In an ƙara hannu, biyar."

Sule ya ajiye bokitin. Ya ɗauki digar da tsohon ya ajiye, ya nufi na farko, ya tsaya a kan daɓen da ya share jiya da hannunsa, ya dubi maigidansa sau ɗaya, ya sara.

Hannu ya ƙaru, amma ba daga inda aka zata ba. Kashegari matan suka dawo da madaɓansu, Ɗelu da Dije a gaba, suka ce in dai daddalewa ce babu namijin da zai koya musu. Su suka daddale shimfiɗar tsakiya a duka goma sha ɗayan, da waƙarsu, sai dai Dije ta sauya wasu baitoci ta sa sunan wani mai rawani da jakunan kasuwa. Al'amin yana tsaye da igiya yana auna tudun tsakiya, ya yi kamar bai ji ba. Aka gama ranar da ta cika kwana goma sha huɗu. Amalanke na ƙarshe ya juya gida ana walƙiya ta gabas.

Maganar ba ta wuce haka nan ba. A majalisar ƙofar masallaci an yi makonni ana juya ta. Wani mai shago da ya yi niyyar ba Sarkin Magina ginin ɗakin ajiya ya ba wani magini daga Maraɗi, bai kuma ɓoye dalilinsa ba. Masu cewa haka Nomau ya yi don su tsokane shi sun yi yawa, har da waɗanda ba su kai ya amsa musu ba. Ya ɗauke kai. Abin da ya sauya a zaurensa shi ne labarin soron Gabi, wanda yanzu yake farawa daga tsagar kusurwar yamma.

A tsakiyar Agusta aka kwana uku ana ruwa, tafki ya hauro har gindin gawo na farko. Rana ta huɗu da hantsi wata babbar mota mai ɗaki ta shigo zangon, laka har rabin tayoyinta. Kalebu ya aika aka gaya wa Sarkin Magina, ya zo da sandarsa. Direban ya nufi na goma sha biyu, don shi ne siminti, amma matan unguwa sun riga sun shanya barkono a kansa tun da rana ta fito. Kalebu ya nuna masa na huɗu. Motar ta hau, tsakuwa ta yi ƙara a ƙarƙashinta, ta tsaya. Al'amin ya jira aka kashe inji, ya zagaya ta sau ɗaya a hankali, ya tsuguna a wajen tayar baya ya sa yatsa ya auna. Ta shiga kaurin yatsa ɗaya, ba ta ƙara ba.

"A kawo kwando guda a zuba nan bayan sun tafi," ya ce wa Kalebu.

Kalebu ya tambaye shi ko a samo siminti kaɗan a gyara kusurwar na goma sha biyu, don ramin yana nan a buɗe tun ranar. Al'amin ya dubi wurin. Wata mata ta ɗora ɓallin simintin a kan bakin tabarmar barkononta don kada iska ta ɗaga.

"A bar shi haka," in ji shi. "Sule yana da masu koyo. Zai buƙaci wurin da zai kawo su su zuba ruwa su ga yadda yake shigewa."